Tagullar da Ruwan Gishiri Ya Ci

A Rano aka haife ni, aka kawo ni Kibiya aure, kuma ruwa mafi faɗi da idona ya taɓa gani shi ne na madatsar Tiga. Teku kuwa sai dai a waya. Duk da haka akwai wasu shekaru da ruwan teku ya shiga tsakanin mijina da yayana, ni kuma ina tsakiya, ban san wanda zan ba gaskiya ba.

Mijina, wanda nake kira Malam, maƙerin zubi ne. Yawancin aikinsa tukwanen sanholo ne da ludaya, amma yana taɓa tagulla idan an kawo aiki: ƙararrawar makaranta, marfin turmin inji, da zobban da masuntan Tiga ke kafawa a goshin kwale-kwale don ɗaure igiya. Rumfarsa tana jingine da katangar gidanmu ta baya, saboda haka ina girki ina jin numfashin zuga-zuginsa, kuma daga warin hayaƙi kaɗai nakan san abin da ya ɗora a wuta.

Yaya shi ne babbanmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ina budurwa ya tafi Legas cirani. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya haɗa hannu da wani Bayarabe suka sayi kwale-kwalen katako mai inji, suna kai albasa da doya da siminti wasu ƙauyuka na bakin teku inda mota ba ta zuwa. Wayar Malam ƙarama ce, ba ta karɓar hoto ko saƙon murya, don haka duk abin da zai shiga tsakaninsu sai ya biyo ta tawa.

Wata rana Yaya ya turo saƙo yana kukan tsatsa. Ya ce duk ƙarfen da suka kafa a jikin kwale-kwalen, kafin shekara ta zagayo ya zama gari. Abokin sana'arsa ya ce maganin abin tagulla ce, amma ta kantunan can ba ta taɓuwa, shi ne ya tuna surukinsa maƙeri ne. Ya turo hotunan zobban da ƙugiyoyin da yake so, kowanne da tafin hannunsa a gefe don a gane girmansa.

Malam ya ji daɗin wannan aiki ƙwarai. Dama akwai 'yar kunya da nisa tsakaninsa da Yaya tun aurenmu, yana ganin kamar Yaya ya so a ba ni wani mai aikin ofis. Ranar kasuwar Rano ya je wajen 'yan gwangwan ya zaɓo tsofaffin kawunan famfo da matattun kwaɗuna, masu nauyi, rawaya shar. Da ya narka su, farin hayaƙi ya tashi ya tsallako katanga har kan shanyata. Da yamma zazzaɓin da yakan yi duk ranar da ya narka tagulla ya kama shi, na dama masa nono ya sha, kashegari ya tashi garau. Da ya gama goge zobban da magagari suka fito suna ƙyalli kamar zinariya. Har matan maƙwabta suka shigo kallo, wata ta sa ɗaya a hannu tana cewa a bar mata ta je biki. Muka ɗaure su a buhu, muka ba wani direban albasa ɗan Yalwa ya kai.

Yaya ya yi godiya sosai. Har sallah ta zo ya aiko wa Malam da yadi.

Sama da shekara guda ba mu sake jin zancen ba. Sai wata safiya, ina wanke-wanke, saƙo ya shigo. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya. Ya ce zoben goshi ya tsinke kwale-kwalen na ɗaure, cike da siminti. Ruwa ya ja shi ya maka da ginshiƙin kankare na mashigi, katako ya tsage, simintin ya jiƙe. Allah ya sa ba kowa a ciki. Daga nan muryarsa ta canza. Ya ce ashe abin da aka aiko masa ƙyalli ne kawai, ya ce ko ƙasa aka cuɗa a ciki oho, ya ce da bare ne ya yi masa haka da bai ji ciwo ba.

Na saurara, na sake saurara, hannuna duk kumfa. Ban kunna wa Malam ba. Da ya shigo cin abinci na faɗa masa da bakina, na tace maganar, na ce Yaya na tambaya ko akwai abin da zai sa zobe ya karye. Malam ya ajiye cokali ya ce tagulla ba ta karyewa haka nan, sai dai ko mota ce ta bi ta kai.

Direban nan ne ya dawo mana da gutsuren zoben. Da na kwance ledar na ɗauka an yi kuskure. Abin da muka aika rawaya ne, wannan kuwa ja-ja ne kamar cikin gwaba, ba ƙyalli ko kaɗan. Malam ya juya shi, ya sa a bakin awartaki ya matsa kaɗan, sai ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ya daɗe yana kallon garin a tafin hannunsa. Ga sawun magagarinsa nan a jiki, ga ɗan lanƙwasan da yakan yi wa kunnen zobe wanda ba wanda ke yin irinsa.

"Siffar tawa ce," in ji shi. "Amma wannan ƙarfen ban san shi ba."

Kashegari ya hau babur ya tafi Tiga. Ya bi masuntan da ya taɓa yi wa aiki, ya duba zobbansu ɗaya bayan ɗaya, wasu tun kafin a haifi 'yarmu ta biyu. Sun yi duhu, amma ya doka da guduma suna amsawa. Kuma daga irin kawunan famfon nan ya zuba su, a kaskon nan, da hannun nan. Ya dawo ya fi tafiyarsa ruɗewa. Ya ce mini ruwa dai ruwa ne, in tagulla ta zauna a wannan, me zai hana ta zama a wancan?

Zance ya fita, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce direban ne ya musanya a hanya. Wata tsohuwa daga Kahu da ta zo sayen tukunya ta ce ruwan teku yana da masu shi, kuma ba sa son abu mai ƙyalli ya shiga musu ba sallama. Wani abokin Malam ya ce a bincika, ƙila akwai mai baƙin ciki da haɗin kan surukai. Innarmu a Rano ta aiko a kira ni. Yaya ya riga ya kira ta, ya faɗa mata wai gishirin ruwan ne abokinsa ke zargi. Inna ta ce ita tun tasowarta gishiri gyara abu yake yi, da shi ake adana nama da kifi, yaushe ya koma cin ƙarfe? Ni ma tunanina ke nan.

Da na koma gida na ɗauki wani guntun da ya rage daga zubin, na jefa a roba, na zuba ruwa da gishiri har ya daina narkewa, na tura bayan rumbu. Kullum da safe sai na leƙa. Ya dusashe kaɗan, shi ke nan. Na ƙara gishiri, na ƙara kanwa, har da ruwan tsamiya. Makonni suka wuce guntun na nan daram. Sai na rasa inda zan sa kaina. In gishiri ne, ga gishiri bai ci ba. In Malam ne ya yi algus, a gabana aka yi aikin. In Yaya ne ke ƙari a magana, ga gutsure a leda ya marmashe a kan idona. A lokacin Yaya ya daina cewa a gaida Malam a ƙarshen saƙonsa, ni kuma nakan ƙirƙiro gaisuwar in isar.

Akwai wani Alhaji maƙwabcin Inna mai injin niƙa, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aikin gyaran inji a tashar jiragen ruwa. Inna ce ta tuna da shi. Wani zuwa da na yi Rano na sa gutsuren a jaka, muka shiga gaishe shi da ita. Ya sa tabarau, ya kankare da wuƙar aljihu, ya gyaɗa kai kamar wanda ya ga tsohon sani. Ya ce mu nan komai tagulla muke ce masa, amma ba ɗaya ba ce. Jan ƙarfe shi ne uwa. In an haɗa shi da tutiya sai a sami rawayar nan ta famfo da kwaɗo. In an haɗa shi da kuza sai a sami wata mai ɗan duhu. Ruwan gishiri a hankali yake tsotse ɗaya daga cikinsu, ya bar jan ƙarfen fanko kamar saƙar zuma da aka matse. Da na ba shi labarin robata, ya ce ba ta yi ƙarya ba, haƙurina ne bai kai na teku ba.

Na tambaye shi yadda ake bambance su. Ya ce a can lamba suke karantawa a jikin kwali. Da ido fa? Ya yi dariya ya ce shi kansa ido ya sha yaudararsa.

Na fito ina jin kamar an sauke mini kaya. Amma a mota, tsakanin Rano da Kibiya, wata mata ta ja ni da hirar tsadar taki, kafin mu iso sunayen sun cakuɗe a kaina. Na tsaya a bakin rumfa ina ce wa Malam an gano, ruwan yana shanye kuza ne, a'a tutiya, ko dai darma. Ya tambaye ni wacce ce mai kyau a cikinsu. Na ce mai duhun. Ya ce wacce ce mai duhun? Na sake jero sunayen a cakuɗe. Bai yi faɗa ba, ya dai ce ranar kasuwa zai je wajen Alhaji da kansa.

Ya je, ya daɗe, ya dawo fuskarsa wani iri. Ya ce tutiya ce ruwan ke sha, kuma farin hayaƙin nan da ke sa shi zazzaɓi ita ce take ƙonewa. Shekara da shekaru ita yake zaɓa da gangan, don ta fi saurin narkewa, ta fi bin lungun ƙasar zubi, ta fi kyau in an goge. Mai duhun, wadda ba ta hayaƙi, ture ta gefe yake yi. Ya ce yanzu aƙalla yana da ma'auni: duk abin da ya yi farin hayaƙi ba zai je teku ba.

Na tura wa Yaya wannan bayani da murnata. Bai ce komai a kan maganganunsa na baya ba, amma bayan ɗan lokaci direban ya kawo mana wani ƙunshi mai nauyi. Ɓallen farfelar wani babban jirgin ruwa ne. Yaya ya ce abokinsa ya samo, wannan ita ce tagullar teku ta ainihi, sunanta ma na Turanci irin na mai kyau ɗin ne, ta yi shekaru a cikin ruwa. Ya ce Malam ya narka wannan ya zuba musu, magana ta ƙare.

Malam ya yanki kaɗan ya ɗora a wuta don gwaji. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ga farin hayaƙi ya tsallako katanga.

Na zagaya na same shi tsaye, ya saki zuga-zugi, yana kallon kaskon. Ya ce mini ko dai Alhaji ya yi kuskure, ko abokin Yaya, ko kuma shi ne bai san hayaƙi ba. Muka sake komawa Rano, wannan karon tare. Alhaji bai yi mamaki ba. Ya ce ai akwai wadda ake kira da sunan mai kyau alhali cikinta tutiya ce fal, sunan kasuwa ne kawai. Malam ya ce to yaya aka yi ta yi shekaru a teku ba ta marmashe ba? Alhaji ya ce saboda ana ɗaura mata dunƙulen tutiya a kusa, ruwan ya yi ta cin dunƙulen ya ƙyale farfelar, in ya cinye a sa wani.

Ban san lokacin da na sa baki ba. "Alhaji, tutiyar ce cutar, kuma ita ce maganin?"

"Haka nan ne, 'yata," in ji shi. "In tana ciki cuta ce, in tana gefe magani."

Har muka iso gida ina juya wannan magana, ba ta zauna mini ba. Yau ma in aka ce in bayyana dalilin ba zan iya ba.

Daga nan Malam ya shiga gwaje-gwaje, aikin tukwane ya ja baya. Wani bakanike ya ce masa ya ji ana zuba sanholo a jan ƙarfe a sami tagullar da teku ba ta iya wa. Sanholo kuwa ga shi nan tuli a rumfa. Ya gwada, abin ya fito fari-fari, ya faɗo daga hannunsa ya tarwatse kamar tangaran. Bakaniken ya ce ƙila ya yi yawa, amma bai san nawa ne daidai ba. Malam ya tafi Kano neman kuza. Ya ce duk rumfar da ya tambaya sai a ce akwai, a miƙo masa darma. A ƙarshe wani dattijo ya sayar masa da wasu sanduna farare, ya ce alamar kuza ta gaskiya ita ce in an lanƙwasa ta a kusa da kunne za a ji tana ɗan kuka. Malam ya dawo ya kira ni ɗaki, ya sa aka kashe rediyo, ya lanƙwasa sandar a kunnena. Ya ce na ji? Na ce kamar na ji. Ya ce kamar, ko na ji? Na ce ya sake. Muka yi ta lanƙwasa ta har ta karye, ban tabbatar ba ko kukan ƙarfen nake ji ko ƙarar yatsunsa.

A ƙarshe ya yanke shawarar ya bar teku ta yi zaɓin da kanta. Ya zuba zobba iri uku. Na farko daga wasu tsofaffin bushin na injin casar shinkafa, wato zobban da sandar inji ke juyawa a ciki, waɗanda ya gwada bai ga hayaƙi ba. Na biyu daga jar wayar lantarki da sandunan nan na Kano. Na uku ya haɗa ragowar biyun da wasu 'yan tarkace masu duhu. Ya buga wa kowane iri ɗigo da ƙusa, na farko ɗaya, na biyu biyu, na uku uku. Ba su yi kyan na farko ba, ba matar da ta ce a ba ta ta je biki. Ya sa na gaya wa Yaya a kafa su duka a jikin kwale-kwalen, kuma kada a dogara da ɗaya, a riƙa ɗaure igiya biyu.

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kama. Sai hotuna suka shigo. Zobban duk sun yi kore shar. Na ɗauka sun lalace, don a ɗakin girkina in tasar tagulla ta yi kore, zubar da abincin ake yi. Na ɓoye wayar har la'asar kafin na nuna wa Malam. Muna cikin jimami saƙon murya ya biyo baya, Yaya na dariya. Wai abokinsa ya ce koren nan shi ake so, riga ce ƙarfen ya saka wa kansa, ja shi ne abin tsoro. Malam ya ce a gaya masa ya kankare kowanne da wuƙa ya ga abin da ke ƙarƙashi. Ya kankare. Iri biyu suka nuna launin ruwan zuma, da tauri. Ɗaya ya nuna ɗigo-ɗigon ja.

Malam ya matso kusa da wayar, karo na farko da ya yi magana a cikinta da kansa tun faruwar abin. Ya gaishe da Yaya, ya tambaye shi mai jan nan ɗigo nawa ne a jikinsa. Amsa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, Yaya ya ce koren ya cike ramukan, igiya kuma ta goge wajen. Ya ce ba mai ɗigo ɗaya ba ne, wannan ya tabbata. Amma tsakanin biyu da uku, shi yana ganin biyu, abokinsa yana ganin uku.

Da babbar sallah Yaya ya zo gida. Kwana biyu da sallah ya hau mota ya zo Kibiya, kuma maimakon ya yi sallama a ƙofar gida sai ya zagaya rumfa. Da na kai musu fura na same su zaune a kan benci ɗaya, ɓallen farfelar nan a tsakaninsu. Ban ji Yaya ya ba da haƙuri ba, ban kuma ji Malam ya nemi a ba shi ba. Abin da na ji shi ne Yaya na tambayar zazzaɓin hayaƙin, yana cewa bai taɓa sanin aikin na taɓa lafiya haka ba. Sannan ya ce wasu masu kwale-kwale biyu a mashiginsu sun ga zobban, suna so.

Malam ya ce bushin ɗin injin casar sun ƙare. Waɗanda yake samu yanzu wajen 'yan gwangwan, wasu na hayaƙi, wasu ba sa yi, a ido kuwa duk ɗaya suke.

"Zan tsince su a wuta ɗaya bayan ɗaya, Yaya," in ji shi. "Amma ba zan ce maka na san abin da ke cikinsu ba. Ka gaya wa mutanen haka kafin su karɓa."

Yaya ya ce zai faɗa musu, kuma duk wata zai riƙa bi da wuƙa yana dubawa. Suka sha furar, suka koma zancen gonar Inna ta Nariya da wanda zai nome ta bana.

An yi zobban, an aika. Mai ɗigon jan nan Yaya ya cire shi ya jefa a akwatin kayan aiki, sauran suna nan a jikin kwale-kwalen. A kiran da ya yi mini na baya-bayan nan ya ce na goshin ya fara sirancewa ta gefe ɗaya. Na tambaye shi ko ruwan ne ya soma ci. Ya ce bai sani ba, don daidai wajen ne yake kankarewa da wuƙa duk wata. Na isar wa Malam, ya ce a gaya masa ya riƙa canza waje.